Ku tambayi Anti: "Me mutane za su ce?"

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙu uku na ware a wannan makon saboda duk ciwo ɗaya ne ke damun masu su, sai dai kowa da inda yake masa zafi. Kamar kullum na cire sunaye, na kuma ɗan rage tsawon wasu.

TAMBAYA

Salam Anti, dan Allah ki bani shawara. Ni matashi ne daga Zariya, na karanta kimiyyar siyasa, na gama bautar ƙasa tuntuni amma har yau shiru, babu inda ban kai takarduna ba. Da zaman ya isheni sai na fara bin wani maigida mai haɗa sola, ina ɗaukar masa kaya ina koyo, kuma wallahi Anti ina jin daɗin aikin, yanzu har ina iya haɗa ƙaramin gida ni kaɗai. Matsalar itace Mama. Taje wani biki wata mata tace mata wai ta ganni a saman kwano da fanel a ka kamar lebura, ta dawo gida tana kuka tace ashe ɗan kunnenta na gwal da ta sayar ta biya min kuɗin makaranta a banza ta sayar. A majalisa kuma sun sa min suna injiniyan kwano. In bari ne in cigaba da jiran aiki ko yaya zanyi?

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanina. Kar ka bari. Na fara da wannan ne don kada ka karanta sauran da faɗuwar gaba.

Amma ka haɗa abu biyu a wasiƙarka waɗanda ba ɗaya ba ne, Mama daban, majalisa daban, kuma matar can ta gidan biki ita ko lissafi ba ta shiga ba. In aka ce "mutane" sai mu zuba kowa a ciki, wanda ya haife ka da wanda ko gidanku bai taɓa takowa ba, alhali wasu haƙƙi gare su a kanka, wasu kuwa baki kawai gare su.

Bari in daɗe a kan Mama domin ita ce maganar. Kukan nan da ta yi kada ka ɗauke shi rashin wayewa. Ta tashi ne a zamanin da in yaro ya gama jami'a aiki ne ke jiransa, a shekarun 1970 gwamnatocin jihohin Arewa har makaranta suke bin ɗalibai tun kafin su rubuta jarrabawar ƙarshe, ga bashin mota ga gidan gwamnati, ga ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975 wanda tsofaffi har yau suke labarinsa. Da wannan hoton a ranta ta cire ɗan kunnenta ta kai kasuwa. To yanzu an zo an faɗa mata magana a gaban mata 'yan uwanta, a tsakiyar biki, inda ba ta da damar ramawa. Abin da ya yi mata ciwo kenan, kunya ce aka ba ta, kuma tana tsoron kada wahalarta ta tashi a tutar babu.

Saboda haka kada ka je mata da gardama, kada ka zauna kana jero mata hujjoji kamar kuna muhawara. Na san za ka iya kawo mata cewa Annabi Dawuda da hannunsa yake ci, Annabi Zakariyya kafinta ne, Abdurrahman bn Auf da ya isa Madina ba shi da komai cewa ya yi a nuna masa hanyar kasuwa, duk gaskiya ne, amma wannan kai za ka riƙe don zuciyarka ta tsaya, in kuma dole sai an faɗa mata to kawunka ko wani babba da take jin nauyinsa ne zai faɗa, ba kai ba. Naka aikin shi ne ka tara ɗan abin da kake samu ka sayi ƙaramin fanel da batir, ka sa mata ƙwai biyu da fanka a ɗakinta da hannunka. Ranar da aka ɗauke wuta cikin zafin watan Afrilu, unguwa ta yi duhu ita ɗakinta da haske, maƙwabta suna turo yara da waya a sa musu caji, ranar za ta fara ba da labarinka da wani baki daban. Sannan duk aikin da ka yi aka biya ka, ko dubu biyu ce ka kai mata ka durƙusa ka ce Mama ga shi a sa albarka. Kuma ka faɗa mata a fili cewa ba ka jefar da takardunka ba, duk inda aka buɗe ɗaukar aiki kana cike fom, kuma ka cike ɗin da gaske.

Raina aikin hannu kuwa ya girmi boko a ƙasar Hausa, mu daina ɗora wa digiri laifin shi kaɗai. Tun da can akwai gidajen da ba sa ba mahauci ko maƙeri ko wanzami aure, ana jera sana'o'i wannan ta fi wannan daraja, kuma har gobe akwai masu wannan ra'ayin. Ni dai ban taɓa gane hujjarsa ba, garin Kano da ake taƙama da shi marinar Ƙofar Mata da majema da dukawa da 'yan kasuwar Kurmi ne suka ɗaga sunansa har fatarmu ta ƙetare Sahara.

Sana'ar da ka kama ma ba ka kama ta a banza ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce dubu, mai shagon aski da mai sayar da ƙanƙara da ƙaramin asibiti duk janareta ya gagare su. Shi ya sa kake ganin fanel a saman kwano ko'ina. Amma fa nan ne zan ja maka kunne, saboda masu haɗa sola sun yi yawa, waɗanda suka iya kaɗan ne. Ka koyi lissafin lodi sosai, ka san kaurin wayar da ta dace da kowane aiki, ka san bambancin batirin lithium da na ruwa da yadda ake saita inbata ga kowanne, don sakaci a nan gobara yake jawowa a gidan mutane. In ka samu dama ka yi jarrabawar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago ko ta NABTEB ka riƙe satifiket. Karatunka kuma zai yi maka aiki a inda maigidanka wataƙila bai damu ba, rubuta wa kwastoma kiyasin kuɗi a tsare, ajiye lissafi, iya magana da makaranta ko ofis in ana neman kwangila.

'Yan majalisa kuma kada ka yanke su. Su ne za su cika ƙofar gidanku ran ɗaurin aurenka, su ne za su ɗauki makara in an yi muku rasuwa, kuma da yawansu zafin rashin aikin da ya ci ka shi yake cin su, tsokanar ma wani lokaci ta nan take fitowa. Ka rage zaman dai, ka je bayan isha'i ku gaisa ka tashi. In aikin ya yi yawa ka ja ɗaya daga cikinsu ya riƙe maka tsani ka sallame shi.

TAMBAYA

Anti barka da aiki. Ni matar aure ce daga Gusau, shekaruna 34, yarana biyar. Ina aji uku na sakandare aka cireni akai min aure. Ina sayar da turaren wuta da humra a WhatsApp amma in kwastoma ta rubuto da turanci sai na jira 'yata ta dawo makaranta, in an bamu magani a asibiti haka, aikin gida na yara kuwa sai dai in kallesu. Inaso in koma makaranta, maigidana yace shi ba komai amma in ji ta bakin Hajiyarsu. Hajiya tace boko da tsufa neman suna ne, facalolina kuma suna ta yaɗa cewa so nake in fi ƙarfin mijina. Har na fara jin kunyar maganar. Anya ban makara ba?

AMSA

'Yar uwa ba ki makara ba, shekara 34 ina tsufan yake? Ko da kin kai sittin ma gemu ba ya hana ilimi, balle ke da ƙuruciyarki. Kuma wasiƙarki ta taɓa ni, musamman inda kika ce kin fara jin kunya, ke da kike neman abu mai kyau ke ce aka mayar mai sunkuyar da kai.

Masu cewa wannan baƙon abu ne a al'adarmu su koma su tambayi tarihi. Ku da kuke Gusau ma ai a ƙofar gidanku aka yi shi. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ta kafa tsarin 'Yan Taru, tana zaɓar dattawan mata ta naɗa su jaji, ta ba su malfa da jan rawani, su tafi ƙauyuka suna karantar da matan aure a cikin gidajensu da waƙoƙin da ta rubuta da Hausa da Fulatanci. Mahaifinta kuwa ya yi kakkausar magana a rubuce a kan malaman da ke karantar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu. Wato kusan shekara ɗari biyu kenan da aka gama wannan gardamar a ƙasar nan, mu ne muke ta maido da ita baya.

To amma tarihi ba zai dafa miki abincin rana ba, kuma a nan nake so ki natsu. Maganar maigidanki ta "ki ji ta bakin Hajiya" ba izini ba ne tukuna, ya tura ki gaba ne shi ya tsaya a baya, wataƙila don ba ya son ɓacin ran mahaifiyarsa, kuma ba zan zarge shi a kan haka ba. Sai dai ba ke ya kamata ki je ki yi wannan maganar da Hajiya ke kaɗai ba. Ki samu lokacin da hankalinsa yake kwance, ki ce masa Baban wance, ni na san in kai ka faɗa wa Hajiya cewa kai ne kake so in yi za ta yarda, daga bakina kuwa zai zama kamar na yi gaban kaina. Da yawan surukai abin da suke gudu kenan, kada a ce suruka ce ke juya gidan. In ɗanta ne ya zo da maganar, an cire wannan ƙayar.

Sannan ki shirya amsar tambayoyin da za a yi miki tun kafin a yi, don ba duka ne hassada ba, wasu tambayoyi ne na gaskiya. Wa zai riƙe auta? Girki fa ran da kike da aji? Kuɗin mota da na rijista daga ina? In kika zo da cewa ga makarantar, ga ranakun, ga wadda za ta zauna da yara, kuɗin kuma daga ribar turarena zan fitar, kin rufe rabin bakin.

Hanyar kuwa a buɗe take. Kano ce ta fara kafa hukumar ilimin manya a 1980 zamanin Abubakar Rimi, yanzu jihohi suna da irin tata, da azuzuwan matan aure, wasu Islamiyyoyi ma suna haɗawa da boko. Ki tambaya a sakatariyar ƙaramar hukumarku. In kin yi ƙarfi sai ki zauna jarrabawar NECO ko WAEC ta 'yan waje wadda ba sai kina cikin makaranta ba, abin da aka fi nema kiredit biyar ne har da Turanci, da kuma Lissafi a fannoni da yawa. Daga nan in kina son ci gaba ga kwalejin ilimi, ga makarantar koyon aikin lafiya, ga buɗaɗɗiyar jami'a NOUN da mafi yawan karatunta daga gida ake yi. Ba zan ɓoye miki ba akwai wuya, za ki yi karatu da dare bayan kowa ya kwanta idonki na rufewa, lissafi zai iya kayar da ke a zaman farko, mata da yawa sai a na biyu suke haye shi. Ki sa 'yarki ta zama malamarki a gida, babu abin kunya a ciki, ita ma za ta ƙara riƙe nata karatun.

Facaloli kuwa ki gaishe su, ki je sunansu da bikinsu kamar da, kada ki tanka. Kada kuma in kin fara karatun ki riƙa jefa musu Turanci a tsakar gida.

TAMBAYA

Anti ni tambayata daban ce. Ni na bi duk abinda ake cewa. Ina tashi ƙarfe huɗu, ina kallon bidiyon masu koyar da sirrin nasara, na biya kuɗin semina, nayi kwasakwasai a intanet satifiket ɗinsu sun cika min waya, har na rage shiga 'yan uwa saboda ance ka guji masu ƙaramin tunani. Amma har yau ina nan inda nake, wanda muka gama tare da ko karatu bai iya ba an saya masa aiki. Anya wannan maganar ta ka gina kanka ba yaudara bace kawai? Daga wani a Kaduna.

AMSA

Ƙanina rabin maganarka gaskiya ce, kuma ba zan lallashe ka da ƙarya ba. Ana sayar da gurbin aiki a ƙasar nan, ana ba ɗan wane a hana ɗan talaka, kowa ya sani. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, an sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a watan Yuli a lokacin da buhun shinkafa ya fi ƙarfin wannan kuɗin. Tashi ƙarfe huɗu ba ya sauke farashin shinkafa. Duk wanda ya tsaya a gaban kyamara ya ce maka talaucinka tunaninka ne kawai ya jawo, ka duba da kyau, yawanci akwai abin da yake sayarwa a ƙarshen bidiyon, kuma yana zaluntar miliyoyin mutanen da suke fita tun asuba su dawo da dare ba su samu na cefane ba. Da irin wannan zaƙin bakin na ka fita daga sahun talakawa aka kwashe kuɗin jama'a a tsarin zuba kuɗi na bogi na MMM a ƙarshen 2016, aka sake a irinsa mai suna CBEX a watan Afrilun 2025.

Kuma ka lura da wani abu, kai a ganinka ka bar bin jama'a, alhali wata jama'ar ka koma bi, ta cikin waya, su ma da yayinsu da kalmominsu da irin hoton da ake ɗauka. Waɗancan na gida ko ba komai in ka kwanta ciwo za su zo. Maganar guje wa 'yan uwa ita ce ta fi damuna a duk wasiƙarka, dan Allah ka gyara wannan tun kafin ta yi nisa, ka je ka gaida mutanenka, zumunci ba ƙaramin tunani ba ne, kuma a garuruwanmu ko aikin da kake nema ta bakin wani ɗan uwa ko maƙwabci ake fara jin labarinsa.

Inda ban yarda da kai ba shi ne a ce duka yaudara ce. Abin da ka yi ta tarawa jin daɗin shiri ne, ba iyawa ba. Ka tambayi kanka, a cikin satifiket ɗin nan da suka cika waya wanne ne in an kawo maka aikinsa gobe da safe za ka yi shi daga farko har ƙarshe wani ya biya ka? Wa ya taɓa duba aikinka ya ce nan ka ɓata, sake? Yaron da ke zaune a Panteka a garinku yana koyon walda, ko wanda ke Farm Centre a Kano yana buɗe waya a gaban ogansa, kullum sai an nuna masa kuskurensa, shi ya sa bayan shekara biyu hannunsa ya san abin da kai bidiyo bai koya maka ba. Ɗan uwanka na Zariya da ke sama shi ma haka. Ba na ce dole sai aikin ƙarfe ba, ko kwamfuta ce ko lissafin kuɗi ko ɗinki, a dai samu abu ɗaya, da malami mai rai, da aikin da za a gani.

Akwai kuma gyaran da ba a ba da satifiket a kansa wanda ni a wurina ya fi duka tsada, mutum ya zama in ya ce ƙarfe goma to goma ɗin ce, in an ba shi amana ta dawo cif. Telan da ke cika alkawarin ɗinkin sallah ba ya neman kwastoma, su ke nemansa.

Shi kuwa zaluncin da ka gani na sayar da aiki, wannan ba ciwon mutum ɗaya ba ne balle mutum ɗaya ya warkar da shi a ɗakinsa. Lokacin da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, Malam Aminu Kano ya ajiye aikin koyarwarsa a Maru a ƙarshen shekarar ya rungume ta, Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kanta, ba cewa suka yi talaka ya gyara tunaninsa ya yi shiru ba, cewa suka yi a haɗu a canza yadda ake mulkinsa. Saboda haka fushin nan naka kada ka juya shi a kan kanka, ka yanki katin zaɓe, ka shiga ƙungiyar unguwarku ko ta masu sana'ar da ka zaɓa, ka yi magana inda ake jin magana.

Yanzu dai ka dakatar da biyan kuɗin kowace semina. Ka zaɓi abu ɗaya cikin waɗanda ka taɓa, ka nemi wanda yake cin abinci da shi a Kaduna ka roƙe shi ya bar ka ka zauna a wurinsa wata shida ko ba biya, sannan ka sake rubuto min in ji me ka zaɓa da yadda ake ciki.

'Yar uwar da ta rubuto daga Maraɗi a kan bashin kayan ɗaki, na ga saƙonki, fili ne ya ƙare, da ke za mu fara mako mai zuwa in Allah ya kai mu.